Tayoyin da Suka Fi Ƙarfin Ƙofa

Ranar da aka gangaro da tayoyin cikin gida, Iya tana zaune a kujerarta ƙarƙashin rumfa, ƙafafunta a miƙe kan matashi. Ta farkon da ta shigo, ba ta ga mai turo ta ba. Taya kawai ta gani tana tafe ita kaɗai kamar an aiko ta, sai da ta gifta sannan kan Auta ya bayyana a bayanta. Baƙa ce wuluk, haƙoranta kowanne ya kai dunƙulen hannu, warin sabuwar roba ya cika tsakar gida har ya danne ƙanshin girki.

"Kai, Auta! Wannan ta mota ce ko ta jirgin sama?"

"Taki ce, Iya," ya ce yana haki. "Saura uku."

Ana cewa tsoho ya gama ganin duniya, babu abin da zai ƙara ba shi mamaki. Masu faɗar haka ba su tsufa ba tukuna. Iya ta sa aka matso mata da tayar, ta ɗora tafin hannu a kanta, ta zura yatsu cikin ramin da ke tsakanin haƙoran, yatsun suka nutse har gindi.

Dalilin tayoyin nan kuwa Yaya ce, yayar Iya uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yaya tana zaune a gidan gona can ƙetaren fadama. Tun da ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar, babu motar da ta ƙara zuwa. Da rani babur ke ratsawa, da damina kuwa sai a naɗe wando a bi da ƙafa. Iya ba ta iya hawa babur, ƙugunta ya daɗe da ƙi, daga kujera zuwa bayi ma sai an riƙe ta. Ita ma Yaya ciwo ya kwantar da ita, muryarta a waya kullum ƙara sirancewa take yi. Rannan bayan sun gama waya Iya ta kira 'ya'yanta maza biyu ta ce, "Ni dai ban roƙe ku komai ba tun rasuwar mahaifinku. Ina so in ga Yaya da idona, in taɓa ta da hannuna, kafin ɗayarmu ta riga ɗaya."

Babban ɗanta bakanike ne, gari na kiransa Injiniya. Auta kuma direba. Su biyu suka je gwanjon tsofaffin kayan soja suka dawo da wata koriyar mota mai jan gaba da baya, fentinta ya koɗe, lambobin jikinta an shafe su da baƙi. A shekaru ta girmi Auta. Injinta kuwa lafiya lau, in ya tashi har kwanukan kicin sai sun yi rawa. Auta ya tafi gwaji shi kaɗai, ya dawo da ƙafa, taɓo har gwiwa. Tayoyinta na asali sirara ne kuma sun suɗe, tun a bakin fadama suka haƙa wa kansu rami, mota ta zauna daɓas a kan cikinta. Sai tarakta aka samo ta jawo ta. Injiniya ya zagaya ta, ya tsuguna, ya leƙa, ya ce magana ɗaya ce: a ɗaga cikinta sama, a faɗaɗa mata tafin ƙafa.

"A gareji zan yi aikin," ya ce.

"A'a," in ji Iya. "A nan za a yi, a gabana."

"Iya, kayan aiki duk suna can."

"A kwaso su. Ai na san garejinka. Keken ɗinkin matarka da ka ɗauka za ka gyara, yaron da take goyo lokacin yanzu gemu yake askewa. Motar gida in ta shiga wurinka sai kaji sun yi ƙwai a cikinta. Yaya kuwa ba za ta jira ka gama da motocin mutane ba."

Matar Injiniya, wadda aka kira Amarya ranar da aka kawo ta sunan kuma ya bi ta har ta yi jika, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Faɗa masa dai, Iya. Ni bakina ya gaji."

Haka aka shigo da motar ta babban get, aka tsayar da ita tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa. Saman get ɗin linta ce ta kankare, a kan lintar kuma ɗakin bene ne da Injiniya ya gina wa kansa. Motar ta shige sumul ba ta taɓa komai ba, don haka babu wanda ya ko ɗaga kai.

Tun da Injiniya ya fara sana'a, abin da Iya ta sani na aikinsa shi ne baƙin mai a farce da rigunan da ba sa fita. Yanzu da ya zo gabanta sai ta ga kamar baƙo aka kawo mata. Mutumin da a gida ba ya iya gano inda ya ajiye hularsa, ga shi kwance rigingine a ƙarƙashin mota, yana miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, ya zaro sifanar da yake so daga cikin tarin ƙarafa. Aka ɗaga motar da jak, aka tallafe ta da gungumen katako, aka cire tsofaffin tayoyin. Mai Faci na bakin titi, wanda ya zo haɗa sababbin da wili, ya roƙi tsofaffin aka ba shi, ya gangara da su.

Taya ta farko da aka ɗaga ta ƙi shiga. Mutum uku suka tallabe ta da dogon ƙarfe, tana isa bakin mazauninta ta yi karo da ƙarfen da ke rufe saman taya. Iya ta zaci an yi asara. Injiniya ko a jikinsa. Ya ɗauki alli ya zana baka a jikin motar, ya kunna injin yanka, tartsatsi ya riƙa tashi yana zuba kan siminti kamar ruwan wuta. Amarya ta kwashe shanyarta da gudu tana salati. Ƙarfen soja, wanda Iya take ganin ko harsashi ba zai huda shi ba, ya faɗo ƙasa kamar ɓawon kabewa.

Daga nan suka kwance sifirin, falle-fallen ƙarfen nan da ke jere kan juna suna ɗauke da nauyin mota, suka ƙara wa kowace ƙafa falle, suka ɗaure da dogayen ƙusoshi. Suka sauya bututun birki da wanda ya fi tsawo, don kada ya tsinke in ƙafa ta faɗa rami. Kowane abu sai Iya ta tambaya, Injiniya kuma, da ba shi da yawan magana, ya riƙa kawo mata ƙarfen har kujera yana juya shi a gabanta. Abin da ya fi burge ta shi ne gwajin alli. Ya shafe haƙoran tayar gaba fari fat, ya sa Auta ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, suka ɗora ƙafa ɗaya kan gungume don motar ta karkace, sannan ya shiga da fitila yana neman inda fari ya taɓa ƙarfe. Duk inda ya ga ɗigon alli ya rage wurin. Ya sake shafawa, ya sake dubawa, har ranar da ya fito fitilar a baki, ya ce babu ko ɗigo.

"Ashe haka kake yi wa mutane aiki," Iya ta ce. "To me keken ɗinki ya yi maka?"

Da aka gama ɗaure noti na ƙarshe, Auta ya sassauta jak. Iya ta zuba ido tana jiran motar ta sauko. Jak ya sauka, ya rabu da ƙarfe, aka janye shi gefe, motar tana can sama inda take. Matakin hawanta ya kai ƙugun Auta. Akuyar gida ta bi ta ƙarƙashinta ta ɓulla ɗaya ɓangaren ba ta ko sunkuyar da kai ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, kowa sai ya tsaya jikin taya ya gwada tsawonsa. Mahaucin layin, mutum mai jiki wanda in ya tashi daga benci na ɗaya gefen sai ya riƙe da kyau, ya ce shi dai ko a haka aka bar ta ya ga abin ba jikoki labari.

An shirya za a gwada ta a titi tukuna, a tafi jibi. Amma da hantsi waya ta zo daga 'yar Yaya. Ta ce tun jiya tsohuwar ba ta karɓi komai ba sai ruwa da cokali, kuma duk ta farka sai ta tambaya ko ƙanwarta ta iso. Iya ta ajiye wayar a cinya ta dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa can ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya san fadamar ya san in aka yi ruwa mai ƙarfi guda, rafin tsakiyarta zai cika, daga nan kuma ba maganar taya ake ba, sai kwalekwale.

"Yau za mu tafi," ta ce. Babu wanda ya yi musu.

Hawa ma aiki ne. Aka jawo tebur jikin motar, 'ya'yan suka ɗaga ta da kujerarta suka ɗora a kai, sannan suka zame ta a hankali zuwa kujerar gaba. Amarya ta cusa mata matasai dama da hagu. Auta ya murɗa mukulli, inji ya tashi, gidan ya ɗauki rawa. Motar ta soma tafiya, hancinta ya shiga inuwar get.

"Tsaya! Tsaya! Kai, direba, tsaya!"

Mai Faci ne, yana waje yana ɗaga hannaye biyu sama. Auta ya taka birki. Aka yi cirko-cirko, kowa ya bi yatsan Mai Faci da kallo. Rufin kan motar ya fi ƙasan lintar tsawo da taƙi guda cur.

Mutanen da suka bi ɗigon alli da fitila, suka auna kowane lungu na ƙarƙashin motar, ba wanda ya tuna cewa abin da aka ɗaga daga ƙasa samansa ma ya tashi. A gareji babu rufi a ƙofa, shi ya sa hannun Injiniya bai saba auna sama ba. Iya ta san wanda ya ce a yi aikin a cikin gida. Kowa ma ya sani. Injiniya ya dube ta sau ɗaya ya kawar da kai, ita kuwa da ya yi magana da ya fi mata sauƙi.

"A fasa lintar," wani ya ce daga waje.

"Ɗakina ne a kai," in ji Amarya. "Da gadona da komai. Kai za ka tare shi da ka?"

"To a haƙa ƙasa."

Ƙasan get ɗin murfin kankare ne a kan magudanar layin, babban bututun ruwan unguwa kuma ta nan ya bi. Bangon baya kuwa jikin ɗakin maƙwabta ne.

"A mayar da tsofaffin tayoyin mana, in an fita a sake sa waɗannan."

Duk aka juya ga Mai Faci. Ya sosa ƙeya. "Ai... awakina ke shan ruwa a cikinsu. Na tsaga su tun ranar."

Auta ya ce a cire ƙarin sifirin. Injiniya ya girgiza kai, ya ce kwancewa da ɗaurewa sai gobe war haka. Wata iska mai sanyi ta shigo ta get ɗin ta kaɗa igiyar shanya.

Abin da ya rage shi ne a sace wa tayoyin iska. Mai Faci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwance bawul, suka ɗauki huci su huɗu, motar ta riƙa sauka a hankali kamar babbar dabba za ta durƙusa. Iya ta ga lintar tana tashi a gaban gilashi, zuciyarta ta bi ta. Can Mai Faci ya toshe bawul ɗin ya ce iyakar ke nan, in aka ƙara, bakin wili zai datse gefen tayar, sababbin tayoyi su zama na awaki su ma. Injiniya ya ɗora katako a kan rufin ya auna. Saura yatsa uku.

Yatsa uku. Iya ta dubi hannunta a kan cinya. Tsakaninta da Yaya akwai titi da daji da fadama da rafi, duk an yi musu magani, sai ɗan abin da bai kai faɗin cokali biyu ba.

Mahauci, don ya gani da idonsa, ya kama ƙarfen gaban motar ya taka bamba ya hau. Ƙugun Iya, wanda ko ƙuda ya sauka a kujera sai ya ba ta labari, ya soke ta. Ta ji kujerar ta nutsa.

"Kai, Mahauci! Sauka."

Ya sauka a tsorace, yana zaton laifi ya yi. Kujerar ta taso.

"Sake hawa."

Ya hau. Ta nutsa. Injiniya, wanda katakonsa ke kan rufin, ya ga bakin katakon ya sauka a jikin lintar ya bar ɗan zane a ƙura. Ya dubi Mahauci tun daga sama har ƙasa kamar yau ya fara ganinsa.

"Amarya," ya ce, "kirawo mutane. Kowa da kowa. Ki fara da masu ƙiba."

Amarya ta yafa mayafi ta bi layin ƙofa-ƙofa. Kafin a jima tsakar gidan ta cika. Mata suka fito da kumfar wanki a hannu, mai aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai fes rabi gashi. Mai shago ya rufe shagonsa ya zo da buhunan siminti a baro. Tela, wanda iska mai ƙarfi ke iya ɗauka, ya kama zai hau, Mahauci ya ce, "Kai kuma ina za ka? Koma ka ɗauko kan kekenka, shi ya fi ka amfani."

"Shekara nawa kuna mini gorin ƙiba," wata maƙwabciya ta ce ana turo ta daga baya, "yau ga ranarta. Ku riƙe ni da daraja."

Mata da buhuna da jarkokin ruwa suka cika baya. Maza suka hau bamba, suka hau murfin inji, wasu suka maƙale a matakai. Kowa ya hau, Iya sai ta ji a ƙugunta, sifirin na ƙara ƙasa-ƙasa suna miƙewa. Ba ta taɓa sanin nauyin maƙwabtanta ba sai yau, tana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙashinta. Injiniya yana kan tsani da katakonsa. Ya ce saura yatsa biyu. Ya ce saura ɗaya. Mutane sun ƙare. Amarya ta ajiye ludayinta, ta tattare zane, ta hau ta zauna kan bamba kusa da ƙafar Mahauci. Tela ma ya dawo rungume da kan kekensa da gaske, aka jawo shi sama.

Injiniya ya zura katakon. Ya shige da ƙyar.

"Kowa ya kwantar da kai! Wanda ya ɗago, ruwansa. Auta, ƙaramin giya. Kada ka taɓa totur."

Auta ba ya ganin komai sai bayan mutane a jikin gilashi. Ya ja ƙaramin sandan da ke ƙasa, ya saki kuloci a hankali, motar ta soma rarrafe, tafiyar da ko jariri zai wuce ta. Injiniya yana gefe yana ja da baya, "Zo... zo... dama kaɗan... riƙe haka." Inuwa ta rufe su. Gidan da ya cika da surutu ya yi tsit, babu abin da ake ji sai bugun inji da numfashin mutane.

Sai ƙara ta fara, siririya, daga sama. Iya ta ɗaga kai. Ta ga ƙarfen rufin ya ɗan lotsa, lotsawar kuma tana tafiya daga gaba zuwa baya a hankali, kamar wani ne a sama yake jan yatsa a kai. Garin siminti ya riƙa zubowa ta gefen taga. Ɗaki guda da gadonsa da kwabarsa yana bisa kanta, unguwa guda tana danne da motar, ita kuma tana tsakiya, tsohuwa mai ciwon ƙugu, ana zare ta kamar zare ta kafar allura. Bakinta yana motsi amma ba ta san me take karantawa ba.

Ƙarar ta yanke. Haske ya faɗo kan cinyarta.

Na baya suka bi ta ƙarƙashin lintar a kwance, suna fitowa suka ɓarke da ihu da guɗa. Mutane suka riƙa dirowa, motar tana tasowa kaɗan-kaɗan kamar mai sauke numfashi. Mai Faci ya jawo injin iskarsa, tayoyin suka cika suka miƙe. Iya ta so ta yi godiya, ta leƙo ta taga ta ga fuskokin duk a ƙasa suna kallonta, sai ta ɗaga musu hannu.

"Ku tafi, Iya, hadari na tasowa!" Amarya ta ce. "Ki gaida Yaya."

Injiniya ya shiga ya zauna gefenta, suka kama hanya. Tun tana amarya take zaune a layin nan, amma ba ta taɓa ganinsa daga sama ba. Katangun da ta sani a matsayin iyakar duniya duk suka koma gajeru. Ta ga ashe gidan mai shago akwai bishiyar lemo a tsakiya, ta ga rufin makaranta da ƙwallayen da suka maƙale a kai, ta ga tsofaffi a bakin titi suna ɗaga kai suna bin ta da kallo baki buɗe. Tayoyin suna wani gurnani a kan kwalta, da aka sauka kan turɓaya suka yi shiru.

A bakin fadama ramukan da motar ta haƙa wancan karon suna nan cike da ruwa. Auta ya yi bisimilla ya shiga. Iya ta riƙe hannun Injiniya tana jiran nutsewa. Motar ta bi ta kan ramukan kamar ba ta san su ba. Taɓo ya riƙa darewa dama da hagu, haƙoran tayoyin suna kamawa suna tofarwa, gudaji na tashi sama da rufi. Balbelu suka tashi fari fat a gabansu. Can gefe ga ragowar gadar a tsaye ita kaɗai a tsakiyar ruwa, ba ta haɗe da komai.

Rafin ya fi yadda suka zata. Ruwa ya kai rabin taya, ya haura, ya zo yana lasar mataki. A tsakiya motar ta tsaya, ƙafafun suna juyawa a wuri ɗaya, ruwan yana tura ta gefe. Iya ta ga ƙafar Auta tana ƙara danna totur.

"Ɗaga ƙafarka," Injiniya ya ce a hankali. "Bar ta ta nemi ƙasa da kanta."

Auta ya ɗaga. Inji ya koma bugu ɗaya-ɗaya. Tayoyin suka riƙa juyawa sannu, suna lalube, sai Iya ta ji wani abu ya kama can ƙasa, ƙafar gaba ta dama tukuna, sannan sauran. Motar ta yunƙura, ta ɗaga hanci, ta fito ruwa na zuba daga cikinta ta ko'ina. Can suka hango rufin gidan gonar.

Mutanen wurin sun daɗe ba su ji ƙarar inji irin wannan ba, duk suka fito suka tsaya nesa-nesa. A nan babu tebur. Injiniya ya sauka, ya tsaya a ƙofar motar ya juya baya, kafaɗarsa daidai da kujerar. Iya ta zame ta kwanta a bayansa, ya tallabe ta ya shiga da ita.

Ɗakin da duhu, yana warin magani. A kan gado Yaya ta koma 'yar mitsitsiya, zanen rufa ya fi ta yawa. Aka zaunar da Iya a bakin gadon. 'Yar Yaya ta sunkuya ta ce, "Inna, ga ƙanwarki ta zo."

Idanun suka buɗe, suka yi yawo, suka tsaya.

"Da me kika zo? Na ji ƙasa na rawa, na ce to, tashin duniya ya riske ni a kwance."

"Da mota, Yaya."

"Har yanzu ba ki daina ƙarya ba. Mota ba ta zuwa nan."

"Wannan tana zuwa."

Hannu ya fito daga cikin zanen, mara nauyi kamar busasshen ganye, ya hau fuskar Iya, ya bi goshi, ya bi kunci, ya shiga ƙarƙashin ɗankwali ya taɓa gashi.

"Kin tsufa ba ki gaya mini ba."

Iya ta kama hannun ta riƙe da nata biyu. Da ɗumi. Ta karɓi kofi da cokali daga hannun 'yar, ta ɗiga mata a baki, Yaya ta haɗiye, ta sake buɗe baki.

Aka yi tsawa can nesa. Auta ya leƙo daga ƙofa, ya gaida Yaya, ya tsaya yana murza mukulli a hannu.

"Iya, hadarin ya taso sosai. In rafin ya ƙaru ko kaɗan..."

"Ku tafi."

"Ke fa?"

"Ni ai na zo. Ku gaya wa Amarya ta aiko mini da maganina da zannuwa in an sami mai ratsowa."

Auta ya dubi yayansa. Injiniya ya dubi tsofaffin biyu, ya daɗe, sannan ya matso ya ɗaga ƙafafun mahaifiyarsa a hankali ya miƙar da su kan gadon, ya gyara mata matashi a ƙarƙashin ƙugu. Ya durƙusa ya yi sallama, ya ja ƙaninsa suka fita.

Inji ya tashi, kofin da ke kan kujera ya yi 'yar rawa, ƙarar ta riƙa nisa. Ɗigon farko ya buga kwanon rufi.

"Matsa kaɗan," Yaya ta ce, idonta a rufe. "Kin danne mini zane."

Iya ta matsa, ba ta saki hannun ba.